Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kallon Anime Kan Rigimar Muryar Japananci Da Ta Turanci

Assalamu alaikum 'yan'uwa, maza da mata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa sana'armu fassara ce da ɗora murya a kan hoto, kuma anime ɗin da kuke kallo, wato fina-finan zane na Japan, mu ma shi muke kallo. Abin da ya sa muka rubuto shi ne gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninku. Wasu sun rantse anime ba ya kalluwa sai da muryar Japananci da rubutun fassara a ƙasan allo. Wasu sun ce su ba karatu ya kawo su ba, a ba su na Turanci su huta. Kowa da abin da kunnensa ya saba da shi, wannan ba mu da ta cewa a kai. Inda muke da magana shi ne wajen ɗora laifi. Da zarar muryar Turanci ta yi wa mutum banbaraƙwai sai ya yanke hukunci cewa mai muryar ne bai iya ba, wani har ya bi shi shafinsa da zagi. Galibi an bar jaki ne ana dukan taiki. Ɓarnar takan faru tun kafin mai muryar ya shiga sutudiyo, ko bayan ya fita, wani lokacin ma a cikin wayarku take faruwa.

A Tokiyo, ranar ɗaukar murya akan tara masu magana a kashin shirin da za a ɗauka a ɗaki ɗaya. Makirfo uku ne ko huɗu a jere, allo a gabansu. Kowa yana riƙe da littafin rubutun da aka ba shi tun kafin ranar, ya riga ya yi wa wuraren jan numfashi alama. Idan layinsa ya matso sai ya tashi ya tsaya gaban makirfon da babu kowa, ya faɗi nasa, ya ja da baya, ba tare da takalminsa ko takardarsa sun yi ƙara ba. Kashi ɗaya mai kimanin minti 24 ana raba shi gida biyu. Kowane rabi a yi masa gwaji, daraktan sauti ya ba da gyara, sannan a ɗauke shi a jere kamar wasan kwaikwayon rediyo, daga baya a dawo kan wuraren da aka yi tuntuɓe. Ma'ana, wanda zai yi kuka yana jin muryar wanda ya sa shi kukan a lokacin, yana kusa da shi. Annobar korona ta 2020 ta tilasta raba su ƙananan rukuni, amma tsarin sana'ar ke nan. Sannan sau da yawa zanen bai kammala ba ranar ɗauka, layukan fensir ne kawai da alamar da ke nuna wa mutum lokacin fara magana da lokacin tsayawa. Don haka akwai sauran damar a ɗan gyara motsin baki ya bi murya. Kaɗan ne ake ɗaukar muryarsu gaba ɗaya kafin a zana, irin Akira na 1988.

A Amurka kuwa hoto ya zo a kulle, ba mai ƙara masa ko rage masa daƙiƙa. Mai murya shi kaɗai yake shiga ƙaramin ɗaki, darakta da injiniya suna bayan gilashi. Yawanci ranar ce farkon ganinsa da rubutun. Za a kunna masa layin da Japananci ya ji, sannan ƙara uku ta buga masa a kunne, a gurbin ta huɗu ya fara magana. Layi ɗaya bayan ɗaya, a maimaita har ya zauna. Wanda aka fara ɗauka a kashin ba ya jin kowa, da iska yake hira. Daga nan wata matsala da kuka sani take fitowa: mutum biyu suna tsaye wuri ɗaya a hoto, ɗaya yana ɗaga murya kamar yana kiran wani a tsallaken titi, ɗayan yana amsawa kamar suna zaune a ɗaki. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu shi kaɗai. Darakta ne kaɗai ya ji duka biyun, aikinsa ne ya daidaita su. Hatta biya ya bambanta. A Japan ana biya ne kan kowane kashi bisa matakin da mutum ya kai, sabon shiga yen 15,000, ko layi ɗaya ya faɗa ko ɗari. A Amurka awa ake lissafawa, shi ya sa kamfani ke son a gama da kowa da wuri.

Amma babban wurin da muryar Turanci ke samun rauni shi ne teburin mai daidaita rubutu, kuma a nan muke so ku tsaya ku duba da kyau. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Anime na talabijin, don rage kuɗi da lokaci, yakan bar zane ɗaya ya tsaya tsawon hoto biyu ko uku, wato zane 12 ko 8 a daƙiƙa. Bakin mai magana kuma siffa uku ce gare shi: rufe, rabin buɗe, buɗe. Mai fassara zai fara kawo ma'anar abin da aka faɗa. Sai wani daban ya zauna da hoton, yana tsayar da shi yana ƙirga sau nawa bakin ya buɗe ya rufe, ina ya tsaya, tsayuwar ta yi tsawon me. Idan baki ya motsa sau bakwai, ya tsaya, ya ƙara uku, to jimlar Turancin dole ta karye a daidai wannan wuri. Idan an kawo fuskar kusa kuma bakin ya ƙare a rufe, ana so kalmar ƙarshe ta ƙare da harafin da ke haɗa leɓɓa, irin m ko b. Idan ya ƙare a buɗe, wasali ake nema.

To ga inda wahalar take. Cikakkiyar godiya ta ladabi a Japananci tana da bugu goma, ta Turanci gaɓa biyu ce. Sauran motsin bakin fa? Dole a cike shi. Daga nan ake samun jimlolin nan masu jela, inda jarumi zai gama magana sannan ya ƙara wasu kalmomi da ba su ƙara komai ba. Kalmar da Naruto ke liƙawa a ƙarshen maganarsa ba ta da wata ma'ana tsayayya, amma bakinsa yana motsi da ita, sai aka cike gurbin da wani furucin Turanci mai nufin "ku yarda", ya yi ta maimaita shi har masu kallo suka gaji, daga baya aka rage shi. Maile Flanagan da ke yi masa murya ba ita ta rubuta ba. Akasin haka ma yana faruwa: gajeriyar kalmar Japananci da sai an yi dogon bayani a Turanci, sai ka ji mai murya yana gudu kamar ana kora shi.

Ga kuma tsarin jimla. Japananci yana ajiye aikatau a ƙarshe, korewa ma a jikin aikatau ɗin take, a can ƙarshe. Mai sauraro ba zai san "zan tafi" ake nufi ko "ba zan tafi ba" sai jimla ta kai bakin gaɓa. Masu zane sun san haka, saboda haka a kan kalmar ƙarshe suke sa idon wanda ake gaya wa ya zaro, a nan kiɗa yake shigowa. Turanci yana fallasa korewar tun a farkon jimla. Idan mai daidaita rubutu bai juya jimlar ta yadda labarin zai faɗo a ƙarshe ba, sai ka ga an gaya wa mutum mummunan labari ya yi daƙiƙa biyu yana kallo kafin ya firgita. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, zai dai ce wasan ba rai. Gwanin mai daidaita rubutu ana gane shi ne a irin wannan wuri.

Akwai abin da ba ya tsallakawa ko wa ya yi aikin. Japananci yana da hanyoyi da yawa na cewa "ni": watashi na ladabi, boku na yaro ko namiji mai sanyin hali, ore na mai ji da kansa, washi na tsoho. Ga ƙarin girmamawa da ake liƙa wa suna, wanda ranar da aka sauke shi tsakanin mutum biyu babban al'amari ne a labarin. Turanci "ni" ɗaya gare shi, "kai" da "ke" da "ku" duk kalma ɗaya. Karin harshen Osaka kuma an sha mayar da shi lafazin kudancin Amurka, abin da wasu ke ganin ya dace, wasu ke ganin ya maida ɗan birni baƙauye. A nan masu son Japananci suna da gaskiya, ba ma musu.

Sai maganar zaɓen murya. Masako Nozawa, wadda aka haifa a 1936, ita ke yi wa Goku, jarumin Dragon Ball, murya tun 1986, tun yana yaro har ya zama kaka, kuma ita ce muryar 'ya'yansa maza biyu. Wanda ya taso da muryar Sean Schemmel, wanda ya karɓi aikin a Turanci a 1999, idan ya ji ta sai ya ce an ɓata jarumi. Wanda ya taso da ita kuma sai ya ce Turancin ya maida Goku wani mutum daban, mai kaurin murya da nauyin kai, alhali asalinsa sakaran ƙauye ne mai son faɗa da abinci. Wannan gardamar sabo ce, ba ta ƙwarewa ba. Muryar da ka fara ji ita ce ta gaskiya a kunnenka.

Mun san inda ƙiyayyar ta samo asali. A 1985 an fitar da Nausicaä na Hayao Miyazaki a Amurka bayan an datse fiye da minti 20 an sauya sunaye, abin da ya sa sutudiyon Ghibli na Miyazaki ya kafe daga baya cewa ba a yanke masa fim. Kamfanin 4Kids da ya ɗauki One Piece a 2004 ya mayar da sigarin Sanji, ɗaya daga cikin jaruman labarin, alawa mai tsinke, ya zubar da kashi-kashi masu yawa. A Pokémon an nuna dunƙulen shinkafa ƙuru-ƙuru ana kiransa donot. A Dragon Ball Z an cire kiɗan Shunsuke Kikuchi an sa wani. Duk wannan ya faru. Sai dai dalilinsa dokokin shirye-shiryen yara ne na gidajen talabijin da lissafin 'yan kasuwa, kuma zamanin ya wuce: kamfanin Funimation ya karɓi One Piece a 2007 ya sake ɗaukarsa ba yanka. A tsakiyar wancan zamanin ma an yi Cowboy Bebop, wanda aka fara nunawa a talabijin ɗin Amurka a 2001, kuma har masu tsananin ra'ayin Japananci da yawa suna sara wa aikin Steve Blum, wanda ya yi wa jarumin labarin, Spike, murya da Turanci.

Matsalar yau gaggawa ce. Tun Janairun 2014, da aka nuna Space Dandy da Turanci a Amurka kafin ma a nuna shi a Japan, masu kallo suka saba da samun Turanci cikin makonni kaɗan. Wannan yana nufin mai daidaita rubutu yana aiki a kan kashi na uku bai san abin da zai faru a na goma ba. Wata kalma da ya ɗauka ta wucewa ce sai ta zama ginshiƙin labari. Wani da aka ba muryar wasa sai ya zama shi ne bos. Kuma tunda aikin ya taru a wurare kaɗan, yankin Dallas da Houston a Teksas, Los Anjalis, Niyok, da Vancouver ta Kanada, muryoyi kaɗan ne ke zagayawa. Masu cewa "kullum murya ɗaya muke ji" ba ƙarya suke ba, amma ƙorafin na masu ɗaukar aiki ne da masu tsara jadawali.

Yanzu gare ku masu rubutun ƙasan allo. Kuna cewa ku asali kuke kallo. Muryar asali ce, amma ma'anar da ke shiga kanku ta wani mai fassara ce, shi ma a ɗaure yake. Ƙa'idar Netflix ta rubutun Turanci layi biyu ce kacal, kowane layi harafi 42, kada rubutu ya wuce daƙiƙa 7 a allo, kuma kada saurin karatu ya wuce harafi 20 a daƙiƙa ga manya. Idan mutum uku suna magana lokaci ɗaya, ko mai surutu ya ɓarke, dole a zubar da wani abu. Idonka kuma yana ƙasan allo a daidai lokacin da masu zane suka kashe makonni a kan abin da ke faruwa a sama. Ga mai kallo a ƙaramar waya, ko wanda karatun Turancinsa bai yi sauri ba, ko mai raunin gani, wannan ba ƙaramin haraji ba ne, kuma bai kamata a raina wanda ya ƙi biyansa ba.

Abu na biyu zai fi yi muku ɗaci. Wanda ba ya jin harshe ba ya jin kuskuren cikinsa. Idan mai muryar Japananci ya danna kalmar da ba ita ya kamata ba, ko ya wuce gona da iri, ba za ku kama shi ba, alhali na Turanci ko numfashi ya ja ba daidai ba kun ji. Japanancin anime ma ba irin wanda ake yi a kasuwa ba ne. Masanin harshe Satoshi Kinsui ya yi nazari a kan yadda ake ba tsohon malami, 'yar masu kuɗi da ɗan daba kowa irin maganarsa a labaran ƙirƙira, maganar da ba kasafai ake jin ta a bakin mutanen gaske ba. Miyazaki kansa yakan kauce wa ƙwararrun masu muryar anime, har ya ba darakta Hideaki Anno muryar jarumin fim ɗinsa na 2013. Japanawa kuma suna kallon fina-finan Amurka da muryar harshensu ba tare da jin kunya ba, Koichi Yamadera da ya yi wa Spike murya da Japananci shi ne ya sha yi wa Eddie Murphy da Jim Carrey murya.

Muna da wani zato game da abin da ya sa Japananci ke yi wa Bahaushe daɗin ji. Wasulansa biyar ne irin namu, yana bambanta dogon wasali da gajere, yana ninka baƙi, yawancin gaɓoɓinsa baƙi ne da wasali, kuma hawa da saukar murya na iya sauya ma'anar kalma. Kunnenmu a gida yake jin kansa. Wannan dalili ne mai kyau na so, amma ba hujja ba ce cewa kowane mai muryar Japananci gwani ne. A tuna kuma gardamar ba ta harshe biyu ba ce a wajenmu. 'Yan'uwa a Nijar, Chadi da Kamaru da yawa da Faransanci suka san waɗannan labarai, inda Captain Tsubasa ya koma Olive et Tom. Masu kama tashoshin Larabawa irin Spacetoon kuma Kyaftin Majid suka san shi.

Ga abin da muke roƙo kafin ku yanke wa wani aiki hukunci. Ku zaɓi wuri mai kamar minti biyu inda mutum biyu ke hira a natse. Kada ku zaɓi faɗa, ihu yana rufe aibi a kowane harshe. Ku fara kallonsa da Japananci ba rubutu, ku lura da inda murya ta karye da inda aka yi shiru. Ku sake da rubutu. Sannan ku sa Turanci ku rufe ido. Idan a rufe da ido hirar ta yi kama da ta mutane biyu da ke sauraron juna, masu murya da darakta sun yi aikinsu. Idan kalmomin ne suka yi nauyi a baki, ba wanda zai faɗe su haka a rayuwa, laifin rubutu ne. Idan murya ta yi kamar an manna ta a saman hoton, mutum yana cikin kogo amma babu amsa-kuwwa, ko kiɗa ya danne magana, mai haɗa sauti za ku nema. A ƙarshe ku kalli Turancin tare da rubutun da aka fassaro daga Japananci don ku ga abin da aka sauya. A nan a kula: manhajoji kan ba da rubutun Turanci iri biyu, wanda aka yi wa alamar CC yawanci kwafin abin da masu muryar Turanci suka faɗa ne domin kurame, ba fassarar Japanancin ba. Wanda ya ɗora shi a kan muryar Japananci yana karanta aikin da yake zagi ne bai sani ba.

Ku duba na'urarku ma. Iyafis na Bluetooth yakan jinkirta sauti da wani ɓangare na daƙiƙa, wanda ya isa ya raba murya da baki. Idan saɓanin iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, jinkiri ne, a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ya fara daidai yana ƙaruwa, an haɗa sautin da aka yi wa hoto 25 a daƙiƙa ne da bidiyo mai 23.976, bambancin da kan kai kusan minti guda a ƙarshen kashi. Fayil ɗin da aka matse don ya yi sauƙin turawa kuma sautinsa ake fara sadaukarwa, sai muryoyi su yi kamar daga cikin gwangwani.

Kalma ta ƙarshe ga abokan sana'armu a Kano da sauran wurare da suka ƙware wajen sa wa fina-finan Indiya Hausa, idan suka juyo kan anime. Kada a fassaro daga muryar Turanci, domin an riga an lanƙwasa ta don bakin zane, abin da za ku samu fassarar fassara ce. A samo ma'anar daga Japanancin, ko aƙalla daga rubutun da aka fassaro kai tsaye. A nemi izinin masu aikin, domin da izinin ne ake samun faifan kiɗa da ƙarar abubuwa wanda babu magana a ciki. In babu shi, sai dai a riƙa danne sautin asali duk lokacin da za a yi magana, kiɗa yana ɓacewa yana dawowa. A ɗauki murya a 48 kHz kamar yadda sautin bidiyo yake, baki ya yi nisan kamar taƙi ɗaya da makirfo, mai ihu ya ja baya. Korewar Hausa ma a farkon jimla take bayyana, don haka matsalar firgita a makare za ta same ku sai kun juya jimla. Amma kuna da abin da Turanci ba shi da shi: kai da ke, ku na girmamawa, yaya da ƙane, malam da ranka ya daɗe, ga b da ɓ da m da f duk masu haɗa leɓɓa don rufe baki. A raba muryoyi, kada mutum ɗaya ya yi jarumi da bos da tsohuwa. A rubuta sunan mai fassara, mai daidaita rubutu, darakta da mai haɗa sauti a ƙarshen kowane kashi, yadda mai yabo da mai ƙorafi za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin fassara da ɗora murya.